Karan da Haruna Ya Kafa

Da sunan Allah nake farawa. Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki zaune lafiya cikin mota, ya tsare ki da abokan tafiyarki daga sharrin hanya da na mutanen hanya, ya sauke ku inda kuka nufa cikin aminci. Innarki za ta cusa ta a jakarki kusa da ƙullin gyaɗa, kuma na ce kada ta gaya miki sai kin sa ƙafa a bas. Na san Larabci ya fi miki sauƙi a ido, to amma maganar da zan yi ba ta fita mini sai da Hausa. Ki yi haƙuri ki bi ta a hankali.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, tunda yanzu kika baro shi. Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni, kuma a kan aikin nan ne na barmaja da ustaz ɗinku ya ba ku.

Ni ban san barmaja ba. Na sha leƙa kwamfutarki in ga layukan Turanci da wasu 'yan alamomi kamar sawun kaji a tsakar gida, in ja da baya abina. Amma abin da kika bayyana mini na riƙe shi. Kin ce an sa kowannenku ya rubuta wa kwamfuta yadda za ta raba wa matafiya kujerun bas. Kin ce kafin a miƙa wa ustaz, sai kowa ya ba ɗan'uwansa ya duba masa, ya rubuta abin da ya gani. Ke an haɗa ki da Nafisa, ɗiyar marigayi Haruna maƙwabcinmu. Kuma kin ce idan kun isa Bur Sudan za a gwada aikin kowa a gaban malamai, wanda nasa ya kasa sai ya maimaita shekara. Na ga wahalar da kika sha a kan naki. Na gan ki kina hawa bakin tur'a, babbar hanyar ruwan noman nan, da rana tsaka, waya a sama, kina neman shabaka, wato sabis, ruwa na wucewa a ƙasanki ko kallonsa ba kya yi.

Ranar da Nafisa ta maido miki naki ma ina nan. Kika fito idanu jajur kina karanto mini abin da ta rubuta. "Ji fa, Baba! Wai, a nan idan mutum bai sa sunansa ba, me zai faru? Wai, wannan kin maimaita shi nan da can, ki mai da shi wuri ɗaya. Ita wa? Ni fa na koya mata kunna kwamfuta!" Na kasa kunne sosai ina jiran in ji zagin da ya sa ki kuka. Wallahi ban ji shi ba, tambaya kawai na ji. Kika koma kika gwada, kika bar wurin suna babu komai, abin ya tsaya cak ya ƙi motsi, yadda ta faɗa. Kika gyara shi. Tun daga ranar ko gaisuwarta da ƙyar kike amsawa.

Sai kuma ranar nan da hantsi, ina bayan zana ina gyaran ƙotar fartanya, ke da innarki kuna rumfa tana zuba kisra, wainar dawar nan tamu. Ba leƙen asiri na je yi ba, zana ce ba ta tare magana. Na ji kin ce, "Yumma, na fa ga kuskure a na Nafisa. In mutum biyu suka danna kujera ɗaya lokaci guda, sai ya ba su su duka."

Innarki ta ce, "To kin gaya mata?"

Kika ce, "Na rubuta mata tamam, babu gyara. Kunya nake ji."

Ta ce, "Kunyar Nafisa? Wadda kuka tashi kuna cin tuwo a kwano ɗaya?"

Kika ce, "Ai ita ba ta ji kunyata ba."

Uwani, sai da na ajiye ƙotar nan na zauna a ƙasa. Ba don laifinki ya kai haka girma ba. Muryata ce na ji tana fita daga bakinki, kuma na tsorata.

Kin tashi kin tarar da wata al'ada tamu ta fara mutuwa, shi ya sa zan faɗa miki ita duka. Ƙasar nan ta Jazira baƙa ce, da rani tana darewa har mutum ya zura hannu. Taras, tudun ƙasar nan da muke tadawa don ya tare ruwa tsakanin hanyar ruwa da hawasha, wato gona, sai ya yi kyau a sama alhali cikinsa rami ne. Shi ya sa a layin gonakinmu ba a sakin ruwan farko sai maƙwabci ya taka maka tarasinka daga wannan kai zuwa wancan, babu takalmi. Mai hawasha ba ya taka nasa ya ce ya gama, don shi ya tada shi, ƙafarsa ta san inda ya yi aiki mai kyau, can take kai shi. Ƙafar wani ce ke faɗawa inda ya manta. In maƙwabci ya kai ƙarshe ya ce tamam, shi ke nan, a kan maganarsa ake buɗe ruwa. Da kika ba ni labarin abin da ustaz ɗinku ya sa ku yi, na yi dariya a raina, na ce ashe mutumin nan manomi ne bai sani ba.

Shekarar da na auri innarki, rabin hawashar da nake nomawa tana jikin ta kakanki, mahaifinta, Allah ya jiƙansa. Ya ce in taka masa. Kin san yadda suruki yake a wurinmu. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, in na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa. Na hau tarasinsa ina tafiya, wajen tsakiya ƙafata ta nutse har idon sawu. Na ji ramin sarai. Na ɗaga kai na gan shi can ƙarshe ya dogara da sandarsa yana jirana. Sai na ce a raina, ni ɗan jiya, in ce wa dattijon da ya ba ni ɗiyarsa bai iya tada taras ba? Na isa na durƙusa. Ya ce, "Yaya?" Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Ranar Juma'a aka saki ruwa. Muna masallaci ya fasa ta wurin nan, kafin mu dawo ya kwanta a kan dawar da ta fara tsiro. Ta yi ruwan ɗorawa, ta ruɓe. An sake shuka, amma lokaci ya riga ya wuce, abin da aka girba bai kai ko'ina ba. Da sanyi ya shigo, kakanki da furfurarsa ya rataya buhu ya shiga tsinkar audugar wasu. Layi ɗaya muke, ina bayansa, ina kallon yadda yake dafa ƙugu kafin ya miƙe.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Wata rana muna hutawa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ƙafarka ba ta ji ba?" Na ce, "Ta ji, Baba." Ya ce, "To mi ya hana bakinka?" Na ce, "Kunya." Ya jinjina kai ya ce, "Yaro, ni ƙafarka na roƙa. Ladabinka kullum ina samun shi a ƙofar gida, ba shi na rasa ba."

Saboda haka ki ji, Uwani. Inda za ki akwai manya, akwai malamai, wata rana kuma in Allah ya so akwai masu gidan aiki. Ki gaishe su yadda muka koya miki, ki sassauta murya, kada ki riga su zama. Amma duk ranar da wani ya miƙo miki aikinsa ya ce duba, to idonki ya ara, kuma tamam ɗin da za ki rubuta shaida ce, za a tambaye ki ita. Ana iya durƙusawa a ce, Baba, a nan ƙafata ta nutse. Ni ne ban san haka ba a lokacin.

Daga nan sai na zarce. Na ce ba zan ƙara haɗiye magana ba, na zama mutumin da ake tsoron ya hau taras. Har daɗi abin yake yi mini, ba zan ɓoye miki ba. Akwai wani bawan Allah, Isa, da ya zo daga wajen Damazin, noman damina ya sani, bai saba da na ruwan tur'a ba. Ya roƙe ni na taka masa. Na sauko a gaban 'ya'yansa na ce, "Wanga taras ne ko wasan yara? Wa ya koya maka noma?" Na kaɗe riga na tafi. Ban nuna masa wuri ko ɗaya ba. Shi kuma zuciya ta ɗebe shi, bai biyo ni ya tambaya ba, ruwa ya fasa masa kamar ban taɓa takawa ba. Gaskiya na faɗa masa, amma ba ta amfane shi da komai ba, don ba tarasinsa nake dubawa ba, kaina nake nunawa. In za ki gyara wa mutum, ki kai shi wurin, ki ce ga shi nan, ga abin da zai faru in ruwa ya zo. Ki bar maganar wane ne ya iya, wane ne bai iya ba. In akwai abin da ya yi da kyau, shi ma ki faɗa, tunda kin gan shi.

Yanzu na zo kan wadda ta fi yi mini nauyi. Ko innarki ba ta san ta duka ba.

Bayan rasuwar kakanki, Haruna ne ya zama maƙwabcina a layi. Kin tuna shi, dogon nan mai muryar da ake ji daga bakin tur'a har cikin gari. Shi ba ya taka taras hannu sake. Sai ya ɗauko ƙullin karan dawa a hammata, duk inda ƙafarsa ta ji laushi ya kafa ɗaya. Ya hau nawa da safe, ni ina tsaye na harɗe hannu ina jiran tamam, ni da nake duba na kowa. Sai na ji, "Sale, nan!" Ya ƙara gaba. "Kai, Sale, nan ma!" Kafin ya kai ƙarshe tarasina ya zama kamar an fara yi masa shinge. Masu wucewa a keken jaki suka tsaya. Wani ya ce, "Af, yau mai duba na mutane an duba nasa!" Aka kwashe da dariya, har da Haruna, shi da bai san ana ɓoye dariya ba.

Na sha kunya, kuma na ji haushi irin wanda ban taɓa ji ba. Washegari tun mutane ba su fito ba na je na haƙa duk inda ya kafa kara. Ko ɗaya bai yi ƙarya ba, Uwani, duk rami ne. Na cike su, na daddage, na tsige karan na zubar a tur'a. Ruwa ya zo, ko ɗigo bai ɓalle ba. Dawar da na samu a shekarar da ita aka yi tuwon sunanki, jama'a suka ci suka bari. Ban taɓa ce masa na gode ba.

Da lokacin taka nasa ya zo, na hau tarasinsa. Daidai gindin bagaruwar nan da ke kan kwana, ƙafata ta nutse. Na tsaya. Na sake dannawa da diddige, na ji ramin ya yi zurfi. Na daɗe tsaye a wurin. Kin san abin da na gaya wa kaina? Na ce ni ba irinsa ba ne mai tona asirin mutane, ni ina jin nauyin maƙwabci. Maganar da na yi a kan kakanki ita na sake ɗaukowa na yafa. Amma wancan karon kunya ce da gaske, wannan kuwa so nake ruwa ya rama mini. Na sani tun ina tsaye a kan tarasin. Na ƙarasa, na ce masa tamam.

Allah bai bar ruwan ya fasa ba. Haruna yana da ɗabi'ar sake zagayawa kafin a buɗe, ya samu wurin da kansa ya gyara. Da la'asar ya zo ya same ni a inuwa, na zuba masa jabana, gahawar nan tamu, ya sha. Sannan ya ce, da muryar da ban san yana da ita ba, ƙasa-ƙasa, "Sale, na ga sawunka a gindin bagaruwa. Ka daɗe tsaye a wurin."

Ƙofa ce ya buɗe mini. Da na ce masa, e, na gani, haushinka nake ji, ka yafe mini, da yanzu ba ni da abin rubuta miki. Sai na ce, "Ƙaya ce ta soke ni."

Ya dube ni, ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Ya ajiye finjali ya tafi.

Daga ranar bai ƙara kirana in taka masa ba. Kowace shekara sai ya tsallake ni ya kira wani daga can ƙarshen layi. Ba mu yi faɗa ba, ko kaɗan. Muna gaisawa, muna sahu ɗaya a masallaci, ranar Layya naman gidansa yana shigowa namu, ku kuma kuka tashi kamar 'yan ɗaki ɗaya. Kowa na cewa Sale da Haruna aminai ne. Ni da shi kaɗai muka san abin da babu. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, shi bai fasa taka mini nawa ba. Kowace shekara sai ya zo da karansa a hammata, ya kafa, ya tafi.

Kullum ina cewa zan yi masa magana bayan girbi. Sai ga shekarar da tashin hankali ya kore mu muka yi wajen Abu Hujar, zazzaɓi ya kwantar da shi a can. Kin san wannan, kina nan. Abin da ba ki sani ba, ranar da kuka tafi ɗiban ruwa ke da Nafisa, ni na zauna da shi a ƙarƙashin itace ina yi masa fifita. Na haɗa maganar a bakina tsaf. Sai ya riga ni, ya kama hannuna ya ce, "Sale, ka sa mini ido a kan Nafisa. Karatun nan nata kada ya tsaya." Na ce to. Na ce bari ya ɗan samu ƙarfi tukuna. Bai samu ba. Da hannuna na zuba masa ƙasa, maganar tana nan a cikina har yau.

To kin ga abin da ya zaunar da ni a bayan zana. Mutumin nan ya ba ni amanar ɗiyarsa duk da abin da ya sani a kaina. Ga ɗiyarsa ta hau tarasin ɗiyata ta kafa kara duk inda ta ji laushi, kamar ubanta. Ga ɗiyata ta hau nata, ƙafarta ta nutse, ta ce tamam. Haba, Uwani! Ba zan iya ɗaukar wannan sau biyu ba.

Ban ce Nafisa ba ta da nata ba. Bakin ubanta gare ta, ba ta san shafa wa magana mai ba, kuma da ta fara da yabon abin da kika yi daidai, da bai rage ta da komai ba. Kina iya gaya mata haka wata rana kuna dariya. Amma ki tuna, aikin da za ki ajiye a gaban malamai kina tinƙaho, ita ta cike miki ramukansa. Yarinyar da ba ta damu da ke ba ba za ta zauna ta bi layukanki ɗaya bayan ɗaya ba, da tamam za ta rubuta ta huta. In kuma nata ya fasa a gaban malamai, shekara guda ce ta tafi, a gidan da ba uba, kuma ban san ko innarta za ta iya sake tura ta ba. Ke da bakinki kika ce mini abin naku yana ajiye sawun kowa, wanda ya buɗe da inda ya tsaya. Ko bai ajiye ba, Nafisa ba wawiya ba ce. Wata rana za ta gane kin gani.

Ga abin da nake roƙonki, ban ce umarni ba. Ki nuna mata wurin tun ba ku isa ba, tun akwai lokacin gyara. Ki zauna da ita har kujerar nan ta daina ɗaukar mutum biyu. Kuma ki faɗa mata gaskiyar duka, cewa tun farko kin gani, haushi ne ya rufe miki baki. Kada ki ce yanzu kika lura. Kada ki ce ƙaya ce ta soke ki. Za ta ji zafi, wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta juya miki baya har ku isa garin Madani. Ki bar ta. Wannan zafin yana warkewa, na ga mutanen da ya warke musu. Sannan ki ce mata kin gode, ki faɗa da baki ta ji.

Na je tashar Wad Haddad na samu kumsarin bas ɗin, mai raba tikiti, ɗan garinmu ne, na roƙe shi ya ba ku kujeru biyu a jere. Saboda haka in kin ɗaga kai daga takardar nan, tana nan kusa da ke. Iyakar abin da hannuna ya kai ke nan. A Madani za ku canja mota, daga nan ke za ki zaɓi inda za ki zauna.

A cikin ninkin takardar za ki ga ɗan guntun karan dawa. Ba faɗowa ya yi ba. Daga hawashar Haruna na karyo shi, a gindin bagaruwa. Ya kamata in kafa shi tun kafin a haife ki, ban kafa ba. Ke ki kafa mana shi.

Allah ya kiyaye ki a tafiya da zama, ya haɗa ki da mutanen da za su gaya miki gaskiya, ya ba ki zuciyar da za ta iya ɗauka. Allah ya buɗa miki karatu, ke da Nafisa, ya fitar da ku kunyar malamanku, ya dawo mana da ku lafiya cikin ƙasa mai lafiya. Innarki tana sa miki albarka, ni ma na sa. Allah ya jiƙan kakanki. Allah ya jiƙan Haruna, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya yafe mini. Amin.

Wassalam,
Mahaifinki, Sale.